Tagar Ɗakin Goggo Barira

A Garo, duk wanda yake son irin waken da ba ya ƙin tsirowa, wajen Goggo Barira yake kai buhunsa. Yayar mahaifina ce. Takan zauna a kan tabarma da faifai a cinya, yatsunta suna ware mai huji da mai lafiya, kuma ba sai ta duba ba. Hakan ya yi mata rana, don tun ina ƙarama idanunta suke ciwo.

Amosanin ido ne ya kama ta tun tana budurwa. Ya yi ta warkewa yana dawowa, har cikin fatar idon ya yi tabo, ya tamuƙe, bakin fatar ya lanƙwashe ciki. Sai gashin idon ya koma yana gogar ƙwayar duk sanda ta ƙifta. Ƙawarta Uwaliya, mai ƙosai a bakin masallaci, ita ke zuwa da matsefata tana cire mata gashin ɗaya bayan ɗaya. Suna yi suna tsiya. Uwaliya ta ce mata tsohuwar tunkiya mai hawaye, ita kuma ta ce hannun Uwaliya ya fi dacewa da figar kaza. Idon hagu ya riga ya dushe. Na dama ne ya rage mata, da shi take gane fuskar jikokinta, kuma shi take tattali. Iska da haske suna sa shi zogi, shi ya sa ta toshe tagar ɗakinta da tsumma, ta rataya bargo a ƙofa.

Masu aikin ido sun zo Gwarzo, suka duba ta, suka ce ƙaramin aiki ne, za a juyo da fatar waje, gashin ya daina taɓa idon. Ɗanta Tasi'u, mai sayen hatsi yana ajiyewa, ya ce a bari sai bayan kaka, don babu mai tsince masa wake in an naɗe mata ido. Kaka ta wuce, ya ce sai an gama kai kaya kasuwa. A gabana ya faɗa, yana danna waya.

Bara ya sayi wake mai yawa, ya zuba masa ƙwayar nan ta kashe ƙwari da ake kira bom. Ya san tana fin aiki a wurin da iska ba ta shiga. Ya duba gidan kaf, bai ga rufaffen ɗaki kamar na uwarsa ba. Ya jibge buhunan a bayan gadonta. Da ta ce warin yana hawa mata kai, ya ce ai bakin buhunan a ɗaure yake.

Uwaliya ce ta same ta da hantsi tana amai, tana jan numfashi kamar wadda aka danne wa ƙirji. Daga asibitin Gwarzo aka tura mu Kano. Likita ya ce gubar ta ƙona huhun, ya cika da ruwa, ya sandare. Suka sa ta barci, suka zura mata bututu a maƙogwaro, na'ura tana hura mata iska kaɗan-kaɗan don kada huhun ya ƙara yagewa. Suka rufe idanunta da filasta, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka sa wa na'urar.

Tasi'u kaɗai ake bari ya shiga ya yi magana da likitoci, shi ne ɗa, shi ne namiji. Uwaliya ta zo daga Garo da matsefatarta ƙulle a bakin zani. Ta tare shi a baranda.

"Ɗan nan, gashin yana tsirowa ko tana barci. Ka gaya musu, ko ka ce su bar ni in cire."

"Inna, ana ta rai, wa yake ta gashin ido?"

Ni da Uwaliya muka yi ta bin masu fita daga ɗakin, har wata nas ta tsaya ta saurare mu. Aka kira likitan ido. Ya ɗaga fatar, ya ga guntayen gashin sun yi kwana da kwanaki suna cin ƙwayar a ƙarƙashin filasta, wurin ya zama gyambo. Ya tambayi dalilin da ba a faɗa tun ranar farko ba. Tasi'u ya ce shi bai ɗauka abin ya kai haka ba.

Huhun ya warke, aka cire na'urar. Mutane suka yi ta zuwa barka, suna yaba wa Tasi'u da ɗawainiya, yana sunkuyar da kai yana amsawa. Idon dama kuwa ya yi hakiya, fari fat. Haske kawai take bambancewa da duhu.

Ranar da muka dawo da ita Garo, ta lalubi bango har ta kai taga, ta zazzaro tsumman da hannunta ta watsar a tsakar gida. Tasi'u ya ce ta bari, iska za ta dame ta.

"Me ya rage da za ta dama?" in ji ta.

Bana ya aiko mata da buhu biyu a tsince masa iri. Suna nan a zaure, ba ta bari an kwance su ba.