Ruwan Alwala da Wayar Gumel

'Yan shekaru bayan yaƙin Jamus aka turo ni Gumel in riƙe ɗakin wayar tangarahu. Shekaruna ashirin da 'yan kai, ina da mata da jaririya, ga kuma ji da kai, don a ganina duk ƙasar babu wanda ya kai ni sani. Wanda ya koya mini aikin a Kano wani dattijo ne mutumin Ikko, mai gajeren gemu da Hausa guntu-guntu. Baba muke ce masa. Da zan taho ya riƙe mini kunne ya ce, "Yaro, na'ura tana da hali kamar doki. Kullum safe ka tambaye ta yaya ta kwana."

Ɗakin na ƙasa ne, kusa da wani ƙaramin masallaci. A kan tebur akwai madannin tagulla da nake buga saƙo da shi, da wani ɗan ƙarfe mai ƙwanƙwasawa idan saƙo ya shigo. Jikinsa akwai noti biyu: ɗaya yana ɗaure zaren ƙarfen da yake jan sa sama, ɗaya yana rage ko ƙara tazarar da yake faɗowa. Ga kuma wata allura a cikin gilashi, ita ke nuna ƙarfin wutar da ke tafe a layi. A ƙarƙashin tebur kwalaben batir ne jere, ruwansu shuɗi kamar na marina. Kowace safiya Baba zai yi ta buga harafi guda daga Kano, ni kuwa ina murza notin a hankali har sai ƙarar ta fito tas, sannan a fara aiki.

Makonnin farko lafiya lau. Mutane kan tsaya a bakin taga su sha kallo. Wata Bafillatana mai tallan nono daga wajen Sule Tankarkar ta tambaye ni ko tsuntsu na kulle a akwati. Fataken shanu na Maigatari kuwa ba su tsaya tambaya ba, nan da nan suka gane amfanin abin.

Da bazara ta kankama sai allurar nan ta fara kasala. Ƙwanƙwasar ta koma kamar ta mai jin kunya a ƙofar surukai. In na sassauta noti, ƙarfen ya manne ya ƙi tashi. In na ɗaure, ya ƙi faɗowa. Haruffa suka riƙa ɓacewa a hanya, ni kuwa girman kai ya hana ni in ce a maimaita.

Ran nan saƙo ya zo cewa wasu Turawa masu awon hanya za su sauka a Gagarawa, a kai musu "dawa goma". Haka na ji, haka na rubuta, na miƙa wa wakilin da ke kula da baƙi. Shi ma ya yi mamaki, amma ya ce ai Nasara ba a rasa shi da abin al'ajabi. Aka ɗaure taiki goma na dawa a kan jakuna aka kora. Ashe dawaki goma aka ce, wutsiyar kalmar ce ta maƙale a layi. Mutanen nan suka wuni a gindin tsamiya suna kallon hatsi.

Da wakilin ya dawo bai yi mini faɗa ba, abin da ya yi ya fi faɗa ciwo. Ya tsaya a bakin ƙofa yana dariya har da riƙe ciki.

"Malam akawu," in ji shi, "gobe in an ce a kai raƙuma, don Allah ka sake tambaya, kada mu aika da rake."

"Ranka ya daɗe, laifin layi ne," na ce.

"To, ai layin ba shi da kunya. Kai ne mai ita."

Kwana uku ina fama. Na wanke kwalaben batir na sake musu ruwa. Na goge duk mahaɗar waya da toka. Na ari doki na bi turakun waya har kusa da Gagarawa ina ɗaga kai, ko reshe ya taɓa waya, ko wani raƙumi ya jijjige turke. Ban samu komai ba sai ciwon wuya. Daga ƙarshe na haɗiye girman kaina na buga wa Baba, a hankali, harafi-harafi, na gaya masa duk abin da na gwada.

Amsarsa ta zo da ƙyar, sai da ya maimaita sau uku: "Ba ƙasa ruwa."

Na zauna ina juya maganar. Da farko na zaci tsufa ne ya fara taɓa shi, ko kuwa wani tsafin garinsu yake so ya koya mini. Can sai na tuna abin da ya taɓa nuna mana: waya ɗaya ce tak a kan turaku, wutar kuwa ta cikin ƙasa take komawa. A bayan ɗakin akwai wani faifan tagulla da aka binne, an ɗaura masa waya. A Kano nasu yana cikin laka mai danshi. Namu kuwa yana cikin rairayin Gumel, wanda a watan nan ko ƙadangare ba ya iya tsayawa a kansa.

Na ɗauko tulun ruwan shan gidanmu, mai ɗakina tana bina da ido, na juye shi duka a wurin. Na koma ciki da gudu. Wallahi ina kallo allurar nan ta miƙe kamar an kira sunanta. Na ɗaure noti rabin murɗa, ƙarar ta fito garau har ana ji daga waje. Na buga wa Baba godiya. Ya amsa, "Yanzu ka zama akawu."

Sai dai kafin la'asar rairayi ya shanye ruwan, rijiya kuma gaba da yawa ce, guga ba ya fitowa da wasa. Mai ɗakina ta ce ita dai ba ta auri ƙarfe ba, ba za ta raba tulunta da shi ba. Ina zaune ina tunani sai na hangi mutane suna alwalar la'asar a gefen masallaci, ruwa yana gangarawa banza a ƙasa.

Bayan sallah na durƙusa gaban liman, wani tsoho mai sanyin magana.

"Allah gafarta malam, alfarma nake nema. Da za a matso da duwatsun alwala bayan ɗakina, taku ashirin ne kawai."

Ya sa na yi masa bayani sau biyu. Sannan ya ce, "Ɗan nan, wutar nan taka ba za ta kama ƙafar mutane ba?"

Na cire takalmi na je na taka wurin a gabansa, na yi tsalle ma.

"Maganar da ake yi a wayar, akwai ta banza?"

"Gaisuwa ce da labarin shanu da na hanya, Allah gafarta."

Ya ja casbinsa, sannan ya ce, "Ruwan alwala dai ƙasa zai shiga ko a ina aka zubar. In zai yi wa bayin Allah wani aikin a hanya, ban ga laifi ba."

Washegari aka kwaso duwatsu da butoci. Tun daga ranar ƙasata take shan ruwa sau biyar a yini. Har na kai ina gane yawan jam'i daga allura: ranar kasuwa, da baƙi suka cika gari, ƙarar takan yi ƙarfi har sai na ƙara ɗaure noti. Wani mahauci ya riƙa leƙo taga bayan azahar yana cewa, "Malam, yau na zuba maka buta biyu, a gaishe mini da Kano."

Da damina ta sauka sai abin ya juye. Turaku suka jiƙe, wuta ta riƙa zurarewa a hanya, ƙarfen ya koma mannewa, na sake zama ɗalibi a gaban notin nan biyu. Amma wannan karon ban jira kwana uku ba. Tun da safe na buga wa Baba na ce ban iya ba, ya koya mini. Ya daɗe yana buga harafi guda yana jirana, ina murzawa kaɗan-kaɗan, ruwa yana zuba daga indararo, jaririyata tana rarrafe a ƙarƙashin tebur tana neman kwalaben shuɗi, uwarta tana janyo ta da ƙafa.