Kujerar Kabiru a masallacin Jurf

Muna sallame la'asar jiya a masallacin unguwarmu a Jurf, nan Madina, sai wani dattijo ɗan garinmu ya dafa ni, ya nuna ɗan yayata Kabiru da haɓa.

"Ya Duktur, wannan ƙaton fa? Ya tare kujerar tsofaffi. Cin shinkafar mandi ya iya, sujada ce ta gagare shi?"

Ya ɗauka Kabiru ba ya jin Hausa, tunda a Amurka aka haife shi.

Shekara bakwai Kabiru ya yi yana buga ƙwallon Amurka. Aikinsa ya durƙusa a sahun gaba na masu tsaro, hannu a ƙasa, da an saki ƙwallo ya yi karo da ƙatti irinsa. Sau uku aka yi masa aiki a gwiwa. Da ta daina lanƙwasuwa, kulob ɗin ya sallame shi ta waya.

Har na buɗe baki, Kabiru ya riƙe hannuna. Ya naɗe ƙafar wandonsa, gwiwar duk ɗinki, ya dubi dattijon.

"Baba, a yi haƙuri. Shekara biyu rabon goshina da ƙasa. Na zo Madina ne in roƙi Allah Ya ba ni sujada ko guda ɗaya."

Dattijon ya ce "ma'alesh", wato "yi haƙuri" da Larabci, ya ɗauki takalminsa ya fice. Ma'alesh kawai.

Har yanzu raina a ɓace yake. Ku gaya mini, mutumin da ya san wa ya zauna, wa ya tsaya a sahu, shi ina hankalinsa yake lokacin da yake sallar?