Kaset ɗin Ruwan Hambali

Shekarar da Larai ta fita takaba, ta kai shinkafarta injin casa na bayan kasuwar Malanville. A al'adar wurin, dusa ta mai inji ce. Hambali mai injin ya ɗaure tata a buhu ya miƙo mata, ya ce a ba awakin marigayi. Dama zana ɗaya ce ta raba gidajensu.

Mutum ne marar yawan magana, bai da kowa. Shekara ashirin yana gaban injin nan, girarsa fari fat da garin dusa. Abin jin daɗinsa duk duniya kaset ɗaya ce da wani direban Kwatano ya mance a rumfarsa: kiɗan piyano na Turawa, babu waƙa, babu ganga. Bayan la'asar yakan saka ta a rediyonsa a gida. Larai ta fara jin ta ne ba da son ranta ba, tana tsintar wake tana istigfari.

"Yaya Larai, kin jiya?" in ji shi ta bayan zana. "Yayyafi ke nan bisa kwano, ɗigo ɗai-ɗai. Wanga wuri kuwa hadari ne ya taso daga Gaya. Mai kiɗin ga shi kaɗai ne cikin ɗaki, wani shike jira, bai zo ba."

"Malam Hambali, sai ka ce tare aka goye ku."

Amma ta ji ɗigon. Har ta san inda ruwan ke tsagaitawa.

Sannu a hankali injin ya cinye masa kunne. Ya fara rasa kiran salla, sai ya ga mutane sun miƙe. A asibiti aka ce ba magani. Ya riƙa manna rediyon a kumatu.

Daminar bara zaren kaset ɗin ya tsinke. Larai na ji: shuuu kawai, ƙafafun kaset ɗin na juyawa a banza. Ta leƙa ta ramin zana. Yana zaune, ido rufe, yatsa na buga gwiwa.

"Ga hadarin nan," ya ce da ƙarfi, irin na kurame.

Ta koma tsintar wakenta. Tun da kunnen ya fara tafiya ya roƙe ta abu ɗaya:

"Yaya, ran da kaset ɗin ga ta daina, don Allah kada ki gaya mini."