Idon Yaya

Mu biyu ne masu zanen lalle a gidanmu na unguwar Gardole, ni da yayata. Hannunta ya fi nawa, amma idonta ya ci amanarta. Tana gane mai tahowa tun daga bakin layi, tafin hannun da ke kan cinyarta kuwa sai ya zame mata hazo. Ta sa tabarau, zufa ta riƙa zamo da shi kan hanci. Ranar da ta ɓata wa wata amarya fure ta ajiye aikin, amaren unguwa suka dawo kaina. Na yi mata jaje, na kuma ji daɗin zama a tabarmarta.

Sai ɗanta ya ɗauke ta zuwa Tunis, wai a gyara idon da leza. Na zaci yanka za a yi. Ta dawo ko bandeji babu, sai ɗan maganin ɗigawa.

"Haske ne kawai," in ji ta. "Ki ji ƙauri kamar gashi ya taɓa wuta, kalas, an gama. Ke ma ki je, na ga kina ƙanƙance ido."

In je da me? Nawa 'ya'yan kuwa, iyakar tafiyarsu Kuseri ce, nan tsallaken kogi. A lokacin ni ma na fara tura hannun amarya nesa kafin layi ya fito mini, ina cewa ƙamshin turarenta ne ya dame ni. Yaya kuwa ta zauna a tsakar gida tana zura zare a allura ba tare da tana da abin ɗinkawa ba, don dai a gani. Raina ya yi ta suya.

Ana haka bikin 'yar ƙanenmu ya taso. Ni na goya yarinyar nan, ni na yaye ta, tun tana rarrafe nake cewa lallen aurenta nawa ne. A wajenmu gwana ita ke zana hannu, ƙafa kuwa a bar wa mai bi mata. Na kwaɓa lallena da kaina, na tace shi har ya yi laushi.

Matan dangin ango suka iso daga unguwar Ambasatna, aka cika rumfa. Na zauna gaban amarya na miƙa hannu. Ta zaro nata daga cikin mayafi, ta ɗora a cinyar Yaya.

"Gwaggo," ta raɗa mini, "ke ki yi mini ƙafa. Zanen ƙafa manya ne, ba zai wahalar miki da ido ba."

Ashe har ita ta lura. Na ja tabarmata baya, na ɗauki ƙafar. A samana mata sai guɗa suke, ana ta "Masha Allahu, kamar gizo-gizo ya saƙa!" Ban ɗaga kai na kalla ba. Ƙafar da ke gabana kuwa tar nake ganinta, har jijiyoyi, kuma hakan ya fi komai yi mini ciwo.