Yatsun Inna

Jiya a likitar Filinge aka zagaya damtsen jikana da zaren awo, sai na tuna Inna, uwar mijina. Ita da yatsu biyu take auna yaro, yatsu masu kaushi da warin daddawa.

Shekarar da na yi kwanika, ga goyo ga ciki, ta kama damtsen ɗana. Yatsunta suka haɗu har da saura. Ta kira ɗanta, mijina.

"Kai, ko gonarka kana bari ta huta. Wannan ɗiyar mutane ce."

Yaron bai ga girbin hatsi ba. Da na yi arba'in, ita ta raka ni karɓar allurar hutu, a ƙafa, tana tari.

Sauran duk sun rayu. Allah ya sanyaya kabarinki, Inna.