Waƙar da Malama Hajara ba ta ƙarasa ba

Yau da safe ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki aka kira ni daga Ruwan Godiya. Malama Hajara ta rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Waɗanda muka yi sakandaren 'yan mata tare a Faskari ba sai na gaya muku ko wace ce ba. Sauran ku yi haƙuri da ni, yau zan yi surutu, dama da shi aka san ni.

Ita ke koya mana Turanci. Ni kuwa kullum sunana na cikin masu damun aji. Wata rana ta jiyo ni ina ƙwala wa wata kira tun daga bakin famfo, ta aika a zo da ni. Na taho, na san bulala ce. Sai ta dube ni ta ce, "Zulai, wagga murya taki ta fi ƙarfin aji. Na samo maki aiki."

Aikin wasan kwaikwayo ne mai waƙoƙi, wanda ta daɗe tana ɗauke da shi a ka. Tana ɗaliba wata baturiya 'yar ƙasar Ireland ta koyar da su, ita ta ba su labarin wata mata a ƙasarsu can zamanin da, mai jiragen ruwa, wadda maza ke bin umarninta. Turawan Ingila suka matsa wa mutanenta, har suka kama ɗanta suka tsare. Matar ba ta aiki kowa ba. Da kanta ta shiga jirgi, ta je gaban sarauniyar Ingila ta ce a ba ta ɗanta.

Muka ce, "Malama, ashe har Turawa ma Turawa sun mulka?" Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ni ta ba wa matsayin matar.

Ku tuna fa, duk cikinmu babu wadda ta taɓa ganin teku, har ita Malamar. Amalanke ta aro a gari, shi ne jirgi. Zannuwa shuɗɗa na iyayenmu muka harhaɗa, ƙananan ɗalibai na kaɗa su, su ne teku. Kiɗan kuwa ƙwarya ce a kife cikin baho da ruwa, irin na gidan suna. Ran da tayar amalanken ta fice ina tsakiyar ba da umarni, na hantsila ƙasa, Malama ta ce a rubuta a tarihi, jirgi ya nutse a tsandauri.

Da Babanmu ya ce ɗiyarsa ba za ta yi waƙa gaban jama'a ba, mashin ta hau har gidanmu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce iyaye mata zalla za a gayyata. Sai ya yarda.

Da muryata ta dushe, citta da zuma ta riƙa kawo min a filas ɗinta.

Malama ba ta rubuta waƙa. Baki da baki take koya mana, ta rera mu amsa. Duk ta koya mana, sai guda ɗaya ta riƙe: waƙar ƙarshe, inda matar ke tsaye gaban sarauniya tana neman ɗanta. Na dame ta a kanta. Ta ce sai satin wasa, don in muka saba da ita za mu rera ta da busasshen ido. "Iyayen da za su zo kuwa," in ji ta, "a ƙasar nan tamu, ba sai an yi masu bayanin wagga waƙa ba."

Mun gane abin da take nufi. A cikinmu akwai wadda aka ɗauke wa yaya a hanyar gona.

Satin wasan bai zo ba. Ana gab da shi mijinta ya rasu, ta shiga takaba. Mai takaba kuwa ba ta fita sai dole, balle kiɗan ƙwarya. Kafin ta fita an rufe makarantar saboda halin tsaro, muka watse, kowa da inda ta ƙarasa. Mai amalanke ya zo ya karɓi abinsa.

Ba a taɓa yin wasan ba. Wallahi har yau abin yana ci min rai.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce na tashi daga Ƙanƙara na je gaishe ta. Na same ta a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta rame ƙwarai, amma bakin na nan. Na ce, "Malama, waƙata fa?"

Ta ce, "Ke da kika haifi uku, har yanzu sarautar kike nema?"

Na kunna rikodin a waya na ajiye gabanta. Ta zazzage gyaɗar, ta kife ƙwaryar a cinya, ta fara bugawa da yatsu:

"Ban zo da kuka ba, ban zo da roƙo ba,
Na zo ɗaukar abin da na goya."

Ta yi nisa kaɗan sai ladan ya kira la'asar, ta ɗauke hannu daga ƙwaryar. Haka take tun muna makaranta, ko a tsakiyar baiti ne in an kira salla shi ke nan. Ana gamawa ɗan acaɓan da ya kawo ni ya fara danna hon a waje. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba a bari yamma ta yi maka a kanta.

Na roƙe ta ta ƙarasa, ai saura kaɗan. Ta ƙi.

"Tashi ki tahi, ɗiyata. Waƙa ba ta gudu, hanya ce ba ta jira. Ki dawo bayan kaka."

Ga shi ko dawa ba a yanke ba.

Na tambayi ɗiyarta a waya ɗazu, ta ce ba ta taɓa jin sauran ba. Babu wanda ta rera wa. Da ita ta tafi.

Sai na buɗe rikodin ɗin, don ban kashe shi da wuri ba ran nan. Rabin waƙa ne, sai muryar ladan daga nesa, sai tata a hankali tana amsa masa. Abu na ƙarshe da wayata ta ɗauka daga bakinta shi ne La ilaha illallah.

Ya Allah, ka sa da wannan kalmar ta cika. Ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta, ka haɗa ta da mijinta a Aljanna Firdausi.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, kada ya wuce bai yi wa Malama Hajara addu'a ba. Ku saka har da iyayen da suke jiran a dawo musu da abin da suka goya.