Ni Na Zaɓi Bencin Baya

Gaisuwa ga masu wannan mujalla da masu karanta ta. Da hannuna nake wannan rubutu, kuma kwana tara na yi a kansa, don shekarata uku kacal a ajin yaƙi da jahilci.

Shekarar da Gulbi ya cinye tsohon garin Maraɗi aka hau da mutane bisa tudu, a ita ce aka kama ni lakwal, wato makarantar boko. Kamu muke kiran abin, don ba wanda ke kai ɗansa da son rai. Ina da shekara takwas, ɗan babban falken goro da tufafi, mai ji da kansa tun bai iya ɗaure wando ba. Nasara ya ce kowace unguwa ta kawo yara. Masu hali suka ɓoye nasu cikin rumbu, wasu suka tura su Katsina wurin dangi, aka cike gurbin da ƴaƴan talakawa da ƴaƴan Azna na ƙauyukan Tibiri da Jiratawa. Ni kuwa gardi, wato dogarin Nasara, ya tarar da ni a ƙofar gida ina wasa.

A ajin farko mu ƴan birni benci ɗaya muka cika, saura duk ƴan ƙauye ne. Muna toshe hanci idan sun gifta, muna cewa warin burkutun iyayensu ya biyo su aji. Dokar lakwal ita ce, duk ƙarshen wata a yi jarrabawa, a zaunar da kowa bisa ƙoƙarinsa: mai kai a gaba, daƙiƙi a baya. Wanda ya daɗe a bencin baya sallamarsa ake yi ya koma gida. Mu kuwa abin da muke nema ke nan. Saboda haka ƴan ƙauye na takarar gaba, mu ƴaƴan manya muna takarar baya, har da faɗa a kan wa ya fi wani rashin sani.

Mahaifina ya sa aka yi mini rubutun sha don a rufe kaina, kada karatun Nasara ya shiga. Kullum da safe sai na shanye kafin in fita. Amma kaina bai rufu ba. Duk abin da mushe, wato malaminmu, ya rubuta a allo, kafin ya juyo na haddace. Sai na riƙa taimaka wa rubutun da hannuna: in san amsa, in rubuta akasinta.

Mushen mutumin Dahome ne, siriri, ba ya yawan duka. Wata Juma'a ya kama ni a kasuwa ina karanta baƙaƙen da ke jikin buhunan gyaɗa, ban san yana bayana ba. Washegari ya tsayar da ni bayan an tashi. Da gurguwar Hausarsa ya ce ya gane wasan da nake yi, kuma ba shi nake cuta ba. Ya ce sufeto na tafe don a ware masu wucewa aji na biyu da waɗanda za a kora, in na amsa da gaskiya shi da kansa zai je ya roƙi mahaifina ya bar ni in ci gaba. Na dube shi sama da ƙasa, na ce gidanmu ba a cin sauran Nasara, karatunsu na bayi ne da marasa asali. Bai taɓa ni ba. Allin da ke hannuna kawai ya karɓe.

Ranar sufeto na riƙe littafi a kife. Ya tambaye ni biyu da biyu, na ce bakwai. Abokaina na ta ƙunshe dariya. Sai wani ɗan Jiratawa, wanda na fi kowa tsangwama, ya miƙe ya karanta shafi guda ba tuntuɓe. Sufeto ya juya ya ce wa mushe da Faransanci ƴan birnin nan jakuna ne. Na fahimci kowace kalma, kuma na ji daɗi. Ku dubi irin wannan wauta: yaro ya gane zagin da aka yi masa cikin harshen da yake rantsuwa bai iya ba, ya tafi gida yana tsalle. Da aka sallame ni, a gidanmu aka yanka rago, mata suka yi guɗa, maƙwabta suka zo barka, sai ka ce daga yaƙi na dawo.

Ba ina wanke Nasara ba ne. Ba don Allah ya buɗe lakwal ba, masu yi masa rubutu yake nema. Amma baƙaƙen ba su bi shi ba da ya tafi, mu ne suka bari a baya. Nawa suka zube ɗaya bayan ɗaya, har sunana ya gagare ni, na koma dangwala yatsa.

Bayan shekaru na kai uwargida asibiti, aka miƙo mini takardar magani na tsaya ina jujjuya ta. Ma'aikacin da ya karɓa ya karanta mini shi ne ɗan Jiratawan nan. Ya gane ni, ya gaishe ni da Alhaji, ya tambayi gida, ya bayyana mini komai a tsanake. Da ya yi mini gori da ya fi mini sauƙi. Duk da haka ban hankalta ba. Da aka zo ɗaukar yara, ba Nasara ba gardi, na ɓoye ƴaƴana maza biyu kamar yadda aka so a ɓoye ni.

Yanzu da furfurata nake zaune kan tabarma ina koyon abin da na sani ina ɗan shekara takwas. Ban kunyata da zaman ba, da girman kan da ya kawo ni nake kunya. Iyaye, kada ku auna makaranta da ƴaƴan wa ke cikinta, kada kuma ku koya wa yaro alfahari da rashin sani, don zai iya shi fiye da yadda kuke so.

Ga abin da na rasa: shekara arba'in ba karatu, ƴaƴa biyu da har yau suke dangwala yatsa, da malami ɗaya da ya koma ƙasarsu ban roƙi gafararsa ba.